Yadda za ka gane ko ƙaramin furotin na cikin tantanin sel shi ke kunna risefta

Wannan rubutun na ɗalibai ne masu karanta bayokemistiri ko bayoloji na sel, musamman waɗanda sufabaiza ya miƙa wa takarda a kan ƙananan furotin da ke ratsa tantanin sel ya ce su je su fito da furofozal, su kuma sun karanta sau uku ba su gane inda aka dosa ba. Zan bi da ku mataki-mataki yadda ake gwada abin a lab, kuma misalin da zan riƙe shi ne E5 na bairos ɗin da ke sa wa shanu ƙurajen nan masu tsirowa a fata, wato BPV-1, don an yi aiki sosai a kansa. Bairos ɗin nan shi ne ma ake alaƙantawa da ƙarin fata da ke fito wa dawaki da jakuna, so masu karatun likitan dabbobi ba baƙonku ba ne.

Kafin ka taɓa komai sai ka gane abu ɗaya tukuna. Risefta, wato furotin da ke karɓar saƙo daga wajen sel, irin ta PDGF, sinadarin da ke sa sel ya yi yawa, tana da kai a waje, da jela a cikin sel mai ɗauke da kainez, enzayim mai manna fosfet, da ɗan guntu guda ɗaya a tsakiya da ya ratsa tantanin. A ka'ida PDGF ne zai zo daga waje ya kama kawunan risefta biyu ya matso da su kusa, sai jelolin biyu su haɗu a ciki su manna wa juna fosfet a kan tairosin, daga nan saƙo ya wuce cewa sel ya rabu ya yi yawa. To E5 bai da ruwa da kan nan na waje kwata-kwata. Amino asid 44 ne kacal, ba shi da wani enzayim a jikinsa, yana zaune cikin kitsen tantani, shi ma su biyu ne a manne da juna, kowane gefe ya riƙo guntun tsakiyar risefta ɗaya ya haɗa su. Kamar mai dalilin aure ne da bai bi ta wajen iyaye ba, ya haɗa yaro da yarinya ta bayan gida, aure kuma ya ɗauru. Ɗakin binciken Daniel DiMaio a jami'ar Yale ta Amurka ne ya nuna a 1991 cewa E5 na kunna riseftar PDGF nau'in beta, kuma daga baya aka ga ko an yanke mafi yawan kan nan na waje E5 na kunna ta.

To yanzu ga aikin.

Fara da jerin amino asid ɗin, ka rubuta shi a takarda da hannunka. Na E5 ga shi: MPNLWFLLFLGLVAAMQLLLLLFLLLFFLVYWDHFECSCTGLPF. Duba shi da kyau, za ka ga L da F da V sun cika shi, duk masu gudun ruwa ne. Lissafin da ake yi mai sauƙi ne, tsakiyar tantani mai kitse kaurinta wajen angistirom 30 ne, shi kuma murɗin alfa heliks kowane amino asid yana ƙara masa tsawon angistirom 1.5, kenan wajen amino asid 20 masu gudun ruwa a jere sun isa su ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. In naka furotin ɗin yana da irin wannan jerin to akwai alama. Kana iya saka shi a manhajar DeepTMHMM ko ka zana jadawalin Kyte da Doolittle na 1982 ya tabbatar maka, kyauta ne, data kawai za ka ci. Amma ka sani manhajojin nan suna yawan rikita guntun da ke ratsa tantani da siginal feftaid, guntun da ke nuna wa furotin inda zai nufa, idan furotin ɗin gajere ne, don haka kar ka ɗauki abin da suka ce kamar yankan wuƙa.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan matakin shi ne ka nemo baƙin da ke cikin jerin, wato amino asid mai son ruwa ko mai caji da ya tsinci kansa a tsakiyar kitse. Zaman irinsu a wurin yana da tsada ga furotin, in ka gan su to akwai aikin da suke yi. A E5 ƙirga zuwa na 17 za ka ga Q, gulutamin, shi kaɗai a tsakiyar lusin. Ci gaba zuwa 33 ka ga D, aspatet mai cajin nagatib. Sai C guda biyu a 37 da 39, sistiyin, su ne ke ƙulla E5 biyu da gadar salfa. A ɓangaren risefta ta ɓera kuwa akwai tireyonin a 513 cikin tantani da laisin mai cajin fozitib a 499 dab da bakin tantanin ta waje. Aspatet 33 na jan laisin 499, gulutamin 17 na hulɗa da tireyonin 513, shi kenan kusan duk labarin ya rataya a kan waɗannan. Ka lura da juyinsu ma, E5 jelarsa ta C ce ke kallon waje, wato cikin Golgi, sashen sel inda E5 ya fi zama, ita kuwa risefta kanta na N ne a waje, kenan kai da ƙafa suke kwance da juna. Mutane da yawa in sun zo zana model suna manta wannan su jera su fuska ɗaya, sai komai ya ƙi zama.

Mataki na gaba da nake ganin ya fi kowanne arha kuma ya fi koyar da mutum shi ne zanen da'ira ta heliks. Kowane amino asid yana juyawa digiri 100 daga na bayansa, tunda 3.6 ne ke cika zagaye ɗaya. Zana da'ira, ka sa na 14 a sifiri, ka riƙa ƙara 100 kana cire 360 in ya wuce. Za ka ga na 17 ya faɗa a 300, na 21 a 340, na 24 a 280, na 28 a 320. Ka ga duk sun taru a gefe guda cikin digiri 80, kuma wannan fuskar ta alanin 14, gulutamin 17, lusin 21, lusin 24 da fenilalanin 28 ita ce aka gano E5 biyu ke haɗuwa ta kanta. Yi wa naka furotin haka. In ka ga ƙananan amino asid kamar gilaisin ko alanin ko serin sun taru a gefe ɗaya, musamman gilaisin biyu da amino asid uku a tsakaninsu, tsarin nan da ake rubutawa GxxxG wanda ya yi suna daga gilaikoforin A na jajayen ƙwayoyin jini, to ka sa masa alama. Sai dai fa ba duk GxxxG ke aiki ba, kuma E5 kansa bai dogara da shi ba, saboda haka kar ka mayar da shi addini.

Wasu za su ce me ya sa ba za a jefa komai a AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, ba a huta. Jefa, ba laifi, amma shi bai san da tantani a lissafinsa ba, kuma heliks biyu masu gudun ruwa ko ba su da alaƙa zai iya manna maka su ya ba ka hoto mai kyau. Hoto ne na fara tunani, ba hujja ba ne da za ka tsaya gaban eksitanal da ita.

Yanzu mun shigo wajen sel, kuma nan ne zaɓi ɗaya zai iya gyara aikin ko ya ɓata shi. Sel ɗin da aka fi amfani da shi sunansa BaF3, daga ɓera aka samo shi, dangin ƙwayoyin jini ne, kuma halinsa shi ne ba ya rayuwa sai da wani furotin mai suna IL-3 a cikin ruwan da ake renonsa, ka cire IL-3 cikin 'yan kwanaki ya mutu. Sannan ba shi da riseftar PDGF tasa ta kansa. Ka ga dabarar kenan, kai ne za ka saka masa riseftar da kake so, ka saka masa ƙaramin furotin ɗinka, ka wanke IL-3 ɗin, ka zauna kana ƙirga. In sun ci gaba da yawa ba IL-3 to wani abu ya kunna riseftar. Ana saka jin ɗin, wato DNA na riseftar da na ƙaramin furotin, ne da bekta, abin dako, na retrobairos, ɗaya da juriyar furomaisin ɗaya da ta haigiromaisin don ka tace waɗanda suka karɓi duka biyun. Kuma tunda jin ne mai iya sa sel ya zama na cutar kansa kake ɗorawa a kan bairos, aikin na matakin tsaro na 2 ne, cikin hud, da izinin kwamitin tsaron lab, ba abin da za a yi a bencin firaktikal ba ne.

Kwano huɗu za ka jera aƙalla, kuma wallahi wanda ya tsallake ɗaya ya ɓata wa kansa lokaci: sel da bekta fanko, sel da risefta kaɗai, sel da ƙaramin furotin kaɗai, sai sel mai duka biyun. Na ƙarshen ne kaɗai ya kamata ya rayu. In mai ƙaramin furotin kaɗai ma ya rayu to ba riseftarka yake bi ba, wani abu daban ya samu a cikin sel ɗin. In mai risefta kaɗai ya rayu to ka cika masa risefta ta yi yawa har suna karo da juna da kansu, ko kuma ba ka wanke IL-3 da kyau ba, wanke sau uku da ruwan gishirin PBS ba asara ba ne. Ƙara kwano na biyar, risefta da ainihin PDGF, don ka san riseftar da ka saka lafiyarta ƙalau. Ƙirga da tirifan bulu da hemosaitomita ya wadatar, ba sai da wata na'ura mai tsada ba, ka riƙa ƙirgawa har wajen mako guda.

Rayuwar sel kaɗai ba ta isa ba, dole ka nuna riseftar kanta ta kunnu. Nan sai westan bulot. Ka bar sel ɗin da yunwar siram na dare ɗaya don siram na ɗauke da PDGF, ka fasa su a kan ƙanƙara, kuma ka tabbata akwai sodiyom banadet a cikin bofar fasawa, in babu shi enzayim masu cire fosfet za su share maka komai kafin ka kai jel, ka zo kana cewa ba ta kunnu ba alhali ta kunnu. Ka jawo riseftar da antibodinta, ka gudu da ita a jel, ka mayar da ita kan takardar bulot, ka duba da antibodi mai gane fosfet a kan tairosin irin 4G10, sannan ka wanke takardar ka sake dubawa da antibodin risefta don ka nuna adadinta ɗaya ne a kowane layi. Akwai wani abu mai daɗi a nan da E5. Riseftar tana fitowa layi biyu, babba wajen kilodalton 200 wadda ta gama nuna ta isa saman sel, da ƙarama wajen 165 wadda ba a gama ɗora mata sukari ba tana cikin sel tukuna. PDGF daga waje babbar kaɗai yake iya kunnawa don ita ce yake iya kaiwa gare ta, amma E5 duka biyun yake kunnawa saboda shi a ciki yake haɗuwa da ita. In ka ga ƙaramin layin nan ya ɗauki fosfet to alama ce mai ƙarfi cewa daga ciki ake kunna ta.

Sai kuma batun ko suna manne da juna da gaske, wato Co-IP, ka jawo ƙaramin furotin ka duba ko risefta ta biyo shi. Wannan ne gwajin da kowa ke so kuma shi ne ya fi yaudara. Abu biyu masu gudun ruwa in ka fasa tantani suna iya dunƙulewa cikin ƙwallon ditajent ɗaya ba don suna son juna ba, sai don ba su da wurin zuwa. Ditajent mai ƙarfi kuma zai raba waɗanda da gaske suke tare. Saboda haka gwada fiye da ɗaya, Triton X-100 ko NP-40 a gefe, dijitonin ko CHAPS masu laushi a gefe, kuma lallai ka sa wata risefta da ba ka zargi ba a matsayin kwantirol. Ga E5 an yi sa'a akwai 'yar'uwa ta kusa, riseftar PDGF nau'in alfa, kamarsu ɗaya sosai amma E5 ba ya kunna ta. Wani abin kuma, mannewa daban kunnawa daban. An samu miyutant da ke riƙe risefta amma ba su kunna ta, don haka Co-IP kaɗai ba zai taɓa ba ka damar rubuta kalmar "kunnawa" a taken aikinka ba.

Ganin ƙaramin furotin ɗin kansa a jel ma wahala ce. Abu mai kilodalton 5 zuwa 7 jel na kullum zai wuce ta ƙasa ka neme shi ka rasa. Yi amfani da jel na tirisin, tsarin Schägger da von Jagow na 1987, ko ka ɗaga kaurin jel ɗin, sannan takardar PVDF mai ƙofa maikuron 0.2, ka rage lokacin tiransfa don kar ya ratsa ta ya fita. Antibodi kuwa da wuya ka samu na abu ƙarami haka, shi ya sa ake liƙa masa tag kamar HA mai amino asid 9 ko FLAG mai 8. Ka tuna dai a jikin abu mai 44 wannan tag ɗin ba ƙaramin kaya ba ne, ka gwada mai tag da marar tag ka ga ko aikinsu ɗaya. Ka gudu da samfur ɗaya da DTT, mai karya gadar salfa, ɗaya babu, in layin ya koma ninki biyu a inda babu DTT to gadar salfa ce ta haɗa su biyu-biyu.

Daga nan sai hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wurina, musanya. Ɗauki riseftar da ba ta amsawa, ka cire guntunta na tsakiya ka dasa na wadda ke amsawa, in ta fara amsawa to magana ta ƙare, ta cikin tantani ake yin abin. Ka yi akasin haka ma. Sannan ka bi amino asid ɗin da ka sa wa alama tun a takarda kana canza su ɗaya bayan ɗaya, a E5 in ka canza gulutamin 17 zuwa lusin ko ka cire cajin aspatet 33 aikin ya lalace, haka in ka taɓa tireyonin 513 ko laisin 499 a risefta E5 ya daina kunna ta amma PDGF na ci gaba da kunna ta lafiya lau, kuma wannan ƙarshen shi ne abin dubawa, don yana nuna ba karya riseftar ka yi gaba ɗaya ba. Duk miyutant ɗin da ya mutu ka fara duba ko ana ma ƙera shi a cikin sel ɗin daidai da na asali, da yawa ba aikin ne ya mutu ba, furotin ɗin ne sel ya narkar. Ka ƙara da maganin da ke toshe kainez ɗin, AG1296 ko imatinib, in ka zuba sel suka daina yawa babu IL-3 amma suka ci gaba in akwai IL-3, ka nuna maganin ba guba ya zame musu ba, hanyar riseftar ya toshe.

Akwai abu guda da litattafan aji ba su cika faɗa ba. Haɗa risefta biyu kaɗai ba ya wadatarwa, sai sun fuskanci juna ta daidai. An gwada wannan ta hanyar liƙa guntun tsakiya a jikin wani furotin na yis mai suna Put3 da ke tilasta haɗuwa biyu-biyu, ana ƙara amino asid ɗaya-ɗaya a tsakani don heliks ɗin ya juya digiri 100 kowane lokaci, har a zagaye fuskoki bakwai. An yi wa E5, an yi wa riseftar EPO, sinadarin da ke sa a ƙera jajayen ƙwayoyin jini, a ɗakin binciken Stefan Constantinescu a Beljiyam, kuma a duka biyun wasu fuskokin ne kawai ke aiki sauran shiru. In kana da kuɗin firaima bakwai, wannan gwajin zai ɗaga aikinka sama sosai.

Wanda ba shi da ɗakin renon sel na dabba fa? Akwai TOXCAT, wanda Russ da Engelman suka fitar a 1999, a cikin E. coli ake yin sa. Ka dasa guntunka tsakanin furotin biyu na bakteriya, ToxR da MBP, in guntayen suka haɗu biyu-biyu sai ToxR ya kunna jin ɗin da ke ba bakteriya juriyar kuloramfenikol, kai kuma ka auna. Kwantirol ɗinsa gilaikoforin A ne da miyutant ɗinsa G83I da ba ya haɗuwa. Iyakarsa dai haɗuwar abu da irinsa yake nunawa, in guntu biyu daban kake so sai GALLEX, kuma tantanin bakteriya ba shi da kolestarol, ba zai gaya maka komai a kan kunna risefta ba. Amma a matakin masta aiki ne mai kyau.

In kuma ba ka da furotin a hannu, nema kake, to juya tsarin BaF3 ɗin nan ya zama tarko. Haka mutanen DiMaio suka yi, suka canza amino asid na tsakiyar E5 barkatai, dubban ɗaruruwan jeri daban-daban, suka zuba wa sel masu risefta, suka cire IL-3, waɗanda suka rayu aka ciro jin ɗin da PCR aka karanta. Sirrin yana cikin kodon, wato haruffa uku na DNA da ke ba da amino asid ɗaya, duk kodon da ke da T a tsakiya amino asid mai gudun ruwa yake bayarwa, lusin, aisolusin, balin, metiyonin ko fenilalanin. Ta haka aka samu TC2-3 a 2010 wanda ke kunna riseftar EPO ta mutum, riseftar da E5 bai san da ita ba. A 2015 suka wuce nan, suka fitar da furotin masu amino asid 26 da in ka cire metiyonin na farko babu komai a ciki sai lusin da aisolusin, kuma wasu daga ciki suka kunna riseftar PDGF beta. Gurbi 25 kowanne da zaɓi biyu ya haura jeri miliyan 33, kenan ba za ka taɓa gwada duka ba, kuma duk wanda ka ciro sai ka sake dasa shi shi kaɗai a sabbin sel ka maimaita kwanukan nan na sama, saboda BaF3 kan yi nasa canjin ya rayu ba IL-3 ba tare da taimakon kowa ba.

Ka kula da wace dabba riseftarka ta fito. Maganin nan eltrombopag da ake ba masu ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini, wanda Amurka ta amince da shi a 2008, a guntun tsakiya na riseftar TPO, sinadarin da ke sa a ƙera ƙwayoyin nan, yake kamawa kuma yana buƙatar histidin na 499, mutum da cimfanzi ke da shi, ɓera ba shi da shi, don haka a riseftar ɓera ba ya komai. Irin wannan ya faru da furotin na lusin da aisolusin ɗin nan ma, canza guda ɗaya daga lusin zuwa aisolusin kan sauya ko riseftar EPO ta mutum zai kunna ko ta ɓera. Lambobin gurbi su ma suna bambanta tsakanin ɓera da mutum, 499 da 513 ɗin da na kawo na PDGF beta na ɓera ne, saboda haka kafin ka yi odar firaima buɗe shafin UniProt ka jera jerin biyu ka tabbatar da gurbin da kake son canzawa.